Uban Takarda

Tsufa ya fara yi mini sata. Shekaranjiya na nemi carbina har na zargi jikata, ashe yana rataye a wuyana. Amma akwai yini guda da na tabbata ko ɓarawon nan ya kwashe komai, shi kam ba zai iya ɗauka ba: ranar sha ɗaya ga watan Nuwamba, a Gure, 'yan shekaru kafin yaƙin Jamus na biyu. Ranar aka haifi ɗana na fari. Ranar kuma na yi abin da dattawan garinmu suka yaba, ni kuwa har gobe ina cizon yatsa.

A lokacin mu ba mu san wani Nuwamba ba. Kaka ce kawai, an yanke gero, sanyi ya fara leƙowa da safe. In ka tambayi mutum yaushe aka haife shi, sai ya ce shekarar fara, ko shekarar da rijiyar kwari ta rufta, ko dai ana sussuka, kuma kowa ya gane. Nasara ne suka zo da wata ɗabi'a ta sa wa kowane yini lamba, su ajiye shi a littafi tare da abin da ya faru cikinsa da manyan mutanen da aka haifa. Wannan rana kuwa babba ce a wurinsu, wai ita ce ranar da aka tsai da wuta a babban yaƙinsu na farko. Kowace shekara kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, yakan tara gari a filin bariki, a ɗaga tuta, a busa bigila, tsofaffin sojojin garinmu su fito da lambobi a ƙirji, ƙafa ba takalmi.

A shekarar nan sunana ya fito cikin masu aikin tilas. An ce kowane bulama, wato mai unguwa, ya kawo mutum kaza don gyaran hanyar da ta nufi Damagaram, wata uku cur. Bulamanmu ya duba gidanmu ya ga majiya ƙarfi biyu, ya ɗauke mu duka, ni da yayana. Ga dammunan gerona jibge a gona ban kai rumbu ba, ga albasar da na dasa a kwari tana son ban ruwa, ga matata da ciki wata tara ta koma gidan iyayenta haihuwa. Aka ce za mu tashi da zarar an gama bikin tuta, kafin nan a jera mu a filin don taro ya yi kauri.

Bari in faɗi wane ne yayan nan nawa, Allah ya jiƙansa. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ranar da ake rabon kunya ya tafi kasuwa. Shi ne zai shiga gidan surukansa ya buɗe akushi ba a ce masa bisimilla ba, in an yi magana ya ce ai yunwa ba ta san suruki ba. 'Ya'yansa uku, duka mata. Ni kuwa an san ni da noƙe-noƙe, har ana buga misali da ni a unguwa, kuma gaskiya abin yana yi mini daɗi.

Hantsi ya ɗaga muna tsaye a layi, kowa da buta da tabarma a naɗe, sai ga gwaggona ta kutso ta bayan gardi, ɗan sandan kumandan, ta matso kusa da kunnena.

"An sauka lafiya," in ji ta. "Namiji ne, da ita da shi duk ƙalau."

Murna ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Me na yi? Na sunkuyar da kai na shiga tonon ƙasa da babban yatsan ƙafa, kamar labarin wani gari ake ba ni. Yaran yanzu ba za su gane ba. A wurinmu ɗan fari abin kunya ne ga uwa da uba. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in an yi maka barka sai ka kau da kai. Wani ma barin gari yake yi sai bayan suna. Haka muka tarar, kuma da haka ake gane ɗan mutunci.

Aka ɗaga tuta, aka busa bigila, aka ce kowa ya yi shiru na ɗan lokaci don matattunsu, muka yi, ban da wani jaki da bai sami umarnin ba. Kumandan ya yi dogon jawabi, tafinta yana juyawa. Ya ce a rana irin ta yau manyan bindigogi suka yi shiru, manyan ƙasashe suka sa hannu a takarda, aka yi ta buga ƙararrawa a birane. Mu dai rana ta fara cizo, muna ta gyaɗa kai.

Can sai wani gardi ya raɗa wa tafinta magana, shi kuma ya raɗa wa kumandan. Ashe guɗar haihuwa ta kai har bariki. Fuskar kumandan ta washe. Tafinta ya ɗaga murya:

"Jama'a! Kumandan ya ji an yi haihuwa yau cikin garin nan. Ya ce yaron da ya zo duniya a babbar rana irin wannan, ba a barinsa a baki, sai a littafi. Uban yaro ya fito! Za a ba shi turmin farin yadi da kan sukari. In kuma yana cikin masu tafiya aiki, kumandan ya yafe mishi, ya koma gida wajen iyalinshi."

Filin nan kaf ya juyo ya dube ni. Taki goma ne tsakanina da teburin akawu, taki goma tsakanina da gerona da albasata da matata. Amma a gefen teburin, kan tabarmar dattawa, ga surukina zaune da rawaninsa, ga babana kusa da shi, ga liman. Na tsaya a inda nake.

Tafinta ya bi idon mutane ya zo har gabana. "Kai, samari, kai ne uban yaron?"

Na ji bakina ya ce, "Ni ban da labari."

"Ba matarka ba ce ta haihu?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Wallahi na ga dattawa suna gyaɗa kai. Na ji wani ya ce, "Madalla da ɗan asali." Surukina ya shafa gemu. Ni kuma har wani sanyi na ji a raina, ina tsammanin yanzu wani babba zai tashi ya yi wa Nasara bayanin al'ada, a tura ni gaba ina tirjewa, kamar yadda ake yi wa ango. Ban san Nasara ba ya lallashi ba. Tambaya yake yi sau ɗaya ya rubuta amsa.

Sai na ji an ajiye buta kusa da ni. Yayana ya gyara wuyan riga, ya taka taki goman nan da na kasa.

"Ɗana ne," in ji shi.

Ba wanda ya musa. Wa zai musa? A bakinmu ɗan ƙaninka ɗanka ne, bai yi ƙarya ba ko a gaban alƙali. Akawu ya tsoma alƙalami ya tambayi sunan uba, yayana ya faɗi nasa da babbar murya har da na babanmu. Aka tambayi sunan yaro, aka ce sai kwana bakwai, aka bar gurbi. Kumandan ya ba shi hannu, aka yi tafi. Ya dawo rungume da yadi da sukari, ya tsaya kusa da ni.

"Yaya, me ke nan ka yi?" na ce da shi ƙasa-ƙasa.

"To, so kake alheri ya fita daga gidanmu? Kai ka ce ba ka da labari. Je ka abinka, ƙanena, kar ka damu, ni zan yanka ragon suna."

Da ya wuce na lallaɓa wajen tafinta na ce an yi kuskure. Ya dube ni sama da ƙasa. "Kana so in koma in gaya wa kumandan an yi mishi ƙarya gaban tuta? Ku biyun duka gidan kaso za ku kwana. Bakin alƙalami ya bushe, malam."

Haka na ɗauki tabarmata na bi layi. Wata uku muna ɗaukar laka da duwatsu a ka muna shimfiɗawa kan rairayi don kada motar kumandan ta kafe. Ranar suna na ƙirga ta da yatsu, na koma bayan wata ƙaya na yi kuka sosai, ba kunya, tunda ba dattijo ko ɗaya a wurin da zai yaba. Da na dawo, gara ta ci rabin gerona, albasa ta bushe, yaro kuwa har ya fara dariya, sanye da 'yar riga ta farin yadi. Matata ta kawo mini ruwa, ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Sannu da hanya, malam. An ce ka yi kunya mai kyau, gari duk ana zancenta." Ta miƙo mini ruwan. "Kunyar ta ƙosar da kai a can?"

Na karɓi ruwan na sha.

Daga nan kowace shekara ranar tuta, gardi yakan zo ya kira uban yaron littafi. Yayana ya sa babbar riga, ya ɗora ɗana a cinya ƙarƙashin rumfa, kusa da tsofaffin sojoji, ni ina cikin rana tare da jama'a ina tafi. Sai shekarar da aka zo ɗibar yara zuwa lakkol, makarantar Nasara, abin da kowa ke gudu a lokacin har ana ɓoye yara a rumbu. Yaran gari duk ba a san shekarunsu ba sai guda, shi aka fara nema. Gardi ya yi sallama a ƙofar yayana, sai ga shi ya fito yana nuna ɗakina.

"Ni? Ai ni 'ya'yana mata ne. Ga ubanshi can, ku yi magana da shi."

Ni na riƙe hannun yaron na kai shi, uwarsa na kuka, mutane na cewa na sayar da ɗa ga Nasara. Allah da ikonsa karatu ya karɓe shi, ya zama malamin lakkol, ya dawo Gure da keke. Ranar da ya iso, wa kuke tsammani ya riga kowa tarbarsa a bakin kasuwa yana "Ɗana ya dawo"?

Da tsufana na shiga makarantar manya na koyi boko. Da na fara haɗa baƙi, na ce ɗana ya kawo mini takardar haihuwarsa. Na bi ta da yatsa a hankali. Ga rana, ga wata, ga Gure, ga sunansa da aka cike daga baya. Na zo gurbin uba na karanta harafi ɗaya-ɗaya, ko da na san abin da zan tarar. Ya ce, "Baba, ana iya zuwa gaban alƙali a gyara." Na ce a bari. Mai sunan ya riga mu gidan gaskiya, shaidun ma duk sun bi shi, kuma takardar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka gaya mata ta riƙe.

Har yanzu in ranar ta zagayo, ɗana yakan karanta wa 'ya'yansa abubuwan da suka faru cikinta a duniya da manyan da aka haifa, ya ƙare da sunan kansa ana dariya. Ni ina gefe ina saurare. Shekara da shekaru ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wannan yaron", takardarsa kuma ba ta taɓa kiran nawa ba, mun yi kunnen doki.

Abin da na koya ke nan: kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an tambaye ka abin da yake naka, buɗe baki ka ce naka ne, ko surukai goma ne zaune a wurin. Yabon dattawa bai kai la'asar ba, sunan yayana kuwa yana nan a takarda har yau.