Hannun da Gwaggo Tela Ta Ɓoye

Gwaggo Tela ba ta taɓa ɗinka rigar da za a tsayar da mai ita a hanya a tambaye ta inda aka ɗinka ba. Ba ta kuma taɓa ɓata wa kowa yadi ba. Ɗinkinta ɗinki ne kawai: hannu biyu, wuya ɗaya, ya shiga jiki. Shagonta ƙaramin ɗaki ne a bakin titi, manne da gidansu, da keken ɗinki na ƙafa a gindin taga, da teburin yanka, da labulen da ya raba shagon da tsakar gida. Duk wadda ta zo mata da sabon salo amsa ɗaya take samu, wato ta bari a yi mata irin na kowa. Da wannan maganar ta raini 'ya'yanta huɗu. A yi dariya kamar kowa, a yi tafiya kamar kowa, kada a ba mutane abin faɗa.

Abin da ba wanda ya sani a unguwar, har mijinta mai gyaran famfo, shi ne bahaguwa aka haife ta. Yayar babanta ce ta riƙe ta tun tana ƙarama, ita ce kuma ta gyara ta, kamar yadda ake cewa a lokacin. Takan cusa mata hannun hagu a tsohuwar safa ta ɗaure bakin da zare, tun safe har yamma. Kafin yarinyar ta shiga makaranta hannun ya koyi kwanciya a cinya. Ta girma tana ganin gata aka yi mata.

Manyan 'ya'yanta uku maza ne, ba wanda ya kalli keken sau biyu. Auta ce mace, ita ce kuma ta tashi a ƙarƙashin teburin yanka tana tsintar ƙyallaye. A ranta Gwaggo ta riga ta ba ta shagon. Sai dai Auta da hagu take ɗaukar komai.

Tana aji uku a firamare wata rana ta ɗauki alli ta zana wuyan riga a kan ragowar yadi, a tashi ɗaya, ba gyara. Gwaggo ta kalli zanen ta san ita kanta ba za ta iya ba. Wata mai kawo ɗinki da ke zaune a benci ta yi dariya ta ce ashe bahaguwa gare ta. Matar ba ta nufi komai ba, washegari ma ta manta. Gwaggo ce ba ta manta ba. Daga ranar katakon awo ya sami aiki na biyu, a kan yatsun Auta.

Mijin ya so ya sa baki. Ya ce abinci da gaisuwa ta yi da hannun dama, wannan ya yarda, amma almakashi ina ruwansa? Shi dai sifana ba ta taɓa tambayarsa da wane hannu ya kama ta ba. Gwaggo ta ce famfo ba shi da uwar miji, 'yarta kuwa za ta samu. Ya yi dariya ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Iyakar taimakon da ya yi ke nan.

Akwai wani mai tallar zare da allura da yakan biyo layin. Shi ya taɓa zaro wani almakashi daga jaka ya ce na bahagwai ne, bakinsa a juye yake. Auta, lokacin ta fara zama budurwa, ta karɓa ta gwada a kan ƙyalle. Ya wuce sumul kamar a ruwa. Ta ɗago ta kalli uwarta. Gwaggo ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba, ta ce a mayar wa mutum kayansa.

Auta ta koma dama, tunda ba ta da zaɓi. Yankanta ya riƙa fita a karkace, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya. Gwaggo takan ɗaga rigar a gaban 'yan koyo ta tambaya ko mai ita kafaɗa ɗaya gare ta. Su yi dariya, Auta ma ta yi, kamar kowa. Tana gama sakandare ta sami aiki a wani kantin magani a wani gari, can ta yi aure. Takan kira a waya ta tambayi lafiya da ciwon gwiwa, ta ce a gaida mutanen gida.

Shekaru suka ja. Mijin Gwaggo ya rasu, 'yan koyo suka watse, idonta ya rage. Gwaggo ba ta daina share shagon ba, tana cewa na Auta ne, duk ran da ta gaji da ƙirga ƙwayoyi za ta dawo.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, ɓarin dama. Auta ta ɗauki hutu ta zo jinya. Likita ya ce tsohuwa za ta sha wuya kafin ta koyi amfani da hagu, a yi haƙuri da ita. Ba ta sha wuyar komai ba. Wata rana da hantsi Auta ta ɗaga labule ta same ta zaune a shago, ta soka allura a matashi, tana zura zare da hagu. Ya shiga a karon farko. Ta ja rigar da ke cinyarta ta fara dasa maɓalli, ɗinki ƙanana, a jere, irin wanda hannunta na dama bai taɓa yi ba.

Auta ta saki labulen.

"Inna, ashe ke ma?"

Gwaggo ta tura rigar ƙarƙashin zane, amma an riga an gani. Bakinta ya ɗan karkace, maganar tana fita da nauyi. Ta ce haka aka yi mata, kuma ga shi ta yi aure, ta haihu, ba wanda ya taɓa nuna ta da baki.

"Ni ma ba wanda ya nuna ni," in ji Auta.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta je ta dubo tukunya.

Ana gobe za ta koma, Gwaggo ta sa aka miƙo mata makullin shagon ta ajiye a gabanta. Ta ce in mai tallar nan yana raye a nemo almakashin, ta yanka da duk hannun da ta ga dama, mutane su faɗi abin da za su faɗa. Auta ta ɗauki alli da hagu ta ja layi a kan teburin. Layin ya yi rawa. Ta mayar da allin hannun dama ta sake ja, ya karkace kamar yadda ya saba. Ta goge duka biyun da tafin hannu.

"Wannan ya manta, wannan bai taɓa iyawa ba. Ki ba da hayar shagon, Inna."

Yanzu mai cajin waya ne a ciki. Keken yana ɗakin Gwaggo an rufe shi da tsohon zanen gado. Maƙwabta kan aiko mata da rigunan makaranta ta dasa maɓalli, suna mamakin yadda tsohuwa ta koyi aiki da hagu bayan tsufa. Ba ta gyara musu zancen. Har yau kuma, in ta ji sallama a ƙofa, sai ta ajiye allurar ta kwantar da hannun a cinya.