Tokar Sallah a Gindin Kofi

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mana sakamakon gwajin ƙasar itatuwan kofinmu ba. Ku da kuka fara aiki kwanan nan ba ku tarar da abin ba, to ku saurara.

Lokacin ni ce mai kula da ma'aikata a gidan gilashin nan namu na jihar Maryland, inda ake rainon shuke-shuken ƙasashe masu zafi don bincike. Layin kofi yana hannun Baba Yakubu, wani dattijo ɗan Kumasi da ya yi rabin rayuwarsa a gonar koko kafin ya biyo 'ya'yansa nan garin Lanham. Sabon ɗauka ne, yana cikin watannin gwaji. A ƙa'idar wurin, in abin da aka damƙa maka ya lalace a wannan lokaci, sallama ce kawai. Ga shi inshorar aikin ce ke biyan asibitin matarsa.

Bayan Babbar Sallah da ɗan lokaci, sai sababbin ganyen kofi suka koma ruwan ɗorawa, jijiyoyinsu kaɗai ne kore. Furen da muke jira ya kakkaɓe, kuma in babu fure babu 'ya'ya. Na sa aka ƙara taki, shiru. Na sake ƙarawa, shiru. Shugabar sashenmu, wata Baturiya da muke ce wa Dakta, ta ce a ɗebi ƙasar a kai ɗakin gwaji.

Sakamakon ya ɗaure min kai. Abinci yana nan a ƙasar har ya yi yawa, amma tsaminta ya tafi. Shi kuwa kofi ƙasa mai ɗan tsami yake so. In tsamin ya gushe, saiwa ba ta iya zuƙar sinadarin ƙarfen da ke sa ganye kore, sai itace ya zauna cikin abinci yana yunwa. To me ya kashe tsamin? Ba wanda ya sani, kuma ido ya fara komawa kan mai layin.

Da aka tashi daga aiki na rage wa Baba hanya. Muna cikin cunkoson motoci sai ya ce shi abin da ke ba shi mamaki, har tokar gashin naman Sallah ya tara a buhu yana zuba wa kowane itace a gindi, amma ba su gode ba.

Saura kaɗan in daki motar gabana. Na ce, "Baba, toka fa ka ce?"

Ya ce, "To 'yata, a gida da ita muke tayar da gonar da ta gaji."

Kuma gaskiyarsa. Can ruwan sama na wanke ƙasa har tsaminta ya yi yawa, toka ce ke rage shi. Nan kuwa ƙasar tukunya ce da aka riga aka auna. Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya kama ni.

Na ce masa dole Dakta ta ji. Ya ce shi zai faɗa da bakinsa.

Da safe ya shiga ofishinta da ragowar buhun, ni ina biye da shi. Ta sa hannu ta murza tokar, ta tambaye shi yaushe ya fara, da yadda yake zubawa. Sai ta jingina da kujera ta kama dariya. Ashe ita bututun ruwan ginin gaba ɗaya take zargi, har ta fara shirin a farke shi. Ta dube ni ta ce, "Mutumin da ya kwaso toka daga gidansa saboda itatuwan da ba nasa ba, koya masa ake yi, ba a korarsa."

Wallahi sai a lokacin na yi numfashi.

Muka sauya ƙasar tukwanen, muka sa farar wuta don tsamin ya dawo, muka fesa wa ganyen ruwan sinadarin ƙarfen. Sabon toho ya fito kore shar. Amfanin shekarar dai ya wuce mu, amma da kakar ta zagayo rassa suka cika da jajayen 'ya'ya, kuma Baba ne ya tsinke su a matsayin cikakken ma'aikaci.

Saboda haka in kuka ga shuka tana rama, kada ku yi saurin ɗaukar buhun taki. Ku auna ƙasar, sannan ku zauna da mai ba ta ruwa ku ji yadda ake yi a garinsu. Ba zai ɓoye muku ba, don shi a ganinsa alheri ya yi.