Makeron Jan Karena

Ban daɗe da aure ba a lokacin, ƙasar ma ba ta daɗe da samun mulkin kai ba. Ina noman rake a wata fadama kusa da Hunkuyi, kuma ina da wani jan kare mai korar mini birai. A gona yake zama, ba ya shiga gida.

Da damina ta nutsa sai gashinsa ya fara zubewa a goshi da ƙafafu, wuri-wuri, a zagaye, kamar wanzami ya bi da aska. Kawuna ya ce kirci ne. Na shafa man kaɗanya da toka, abin sai faɗi yake ƙarawa. Can sai ga irin zagayen nan a damtsena, yana ƙaiƙayi.

Na ji labarin likitan dabbobi zai zo Makarfi yi wa shanu allura ran kasuwa. Na ɗaura wa karen igiya, muka kama hanya a ƙafa. Makiyaya suka yi ta dariya, wai ga mai shanu ya kawo bijiminsa.

Likitan, wani dattijo mai sanyin magana, bai yi dariya ba. Ya duƙa ya duba, ya ce, "Samari, biyo ni da shi."

Ya kai mu wani ɗakin ajiyar auduga, ya jawo waya daga batirin motarsa, ya sa aka toshe taga da buhu. Rana tsaka, ɗakin ya yi duhu. Ya kunna wata 'yar fitila wadda haskenta bai isa ka ga tafin hannunka ba, ya kanga ta a goshin karen.

Sai gefen tabon ya kama haske. Kore shar, kamar sabon tsiron gero, kowane silin gashi da nasa. Karen ko a jikinsa, sai haki yake. Ni kuwa na ja da baya, na ce:

"Subhanallahi! Ranka ya daɗe, wuta ce a jikinsa?"

"A'a, makero ne. Abu ne mai rai, dangin hunhunar da ke fitowa a tuwon da ya kwana. Shi ke cin gashin. Na hannunka ma daga nan ka samo."

Na roƙe shi ya sake haskawa. Ya sake, har da ƙafafun.

Ya ba ni man shafawa na mu biyu, ya ce in aske gefen tabon, in ƙone buhun da yake kwanciya a kai. Kafin a fara saran rake duk mun warke.

Amma a hanyar komawa ran nan sai da na yi ta tsayawa ina leƙa goshinsa a cikin rana. Babu komai sai busasshiyar fata. Na isa gida na ba matata labari, ta ce in rantse, na rantse.