Bututun Da Na Zaɓa Wa Bindigar Baba

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube kafin in cafko na wanda nake kira. Amma bazarar da na zaɓa wa bindigar mahaifina sabon bututu, ita kam ba zan manta da ita ba, sai dai a binne mu tare. Ko yanzu na tuna sai in fara dariya ni kaɗai, yara su ɗauka tsohon ya fara zarewa.

Zamanin Turawa ne, muna wani ƙauye kusa da Gwiwa, ina da sabon aure da ɗan gemun da bai gama yanke shawarar fitowa ba. Baba maharbi ne na gaske, yana da wata adaka, irin bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Ya ci naman barewa da ita har ba ya iya ƙirgawa. Sai yanar ido ta rufe masa gani, ita kuma bindigar bututunta ya tsage, suka tsufa tare. Wata safiya ya kira ni, ya ɗora ta a kan cinyarsa yana shafawa.

Ya ce, "Ka kai ta Roni wajen maƙerina ya sa mata sabon bututu. Baffanka ya roƙe ni ita sau biyu, na ce ya dakata. In ka kawo mini barewa da ita kafin ruwan farko, taka ce. In ruwa ya riga ka, kai da hannunka za ka kai masa."

Ya miƙo mini ƙahon da yake zuba albarushi, ya ce abin da ke ciki shi ke nan, don a lokacin sai da takardar lasin ake sayar wa mutum, kuma rabonmu na shekarar ya ƙare. Na ce, "To, Baba," cikin ladabi, kaina a ƙasa. Ina fita zaure na yi tsalle har hulata ta faɗi. Duk hanyar Roni ina kan jaki ina auna itatuwa da bindigar da ba ta da rai, ina cewa "dam" da bakina, jakin yana kaɗa kunne.

Maƙerin dattijo ne, sa'an Baba, mai magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Ya juya bindigar, ya tambayi idon Baba, sannan ya jawo ƙarafa biyu daga bayan zuga-zugi. Ɗaya dogo ne siriri, sandar sitiyarin wata babbar mota da ta mutu a hanyar Daura. Ɗayan gajere ne mai kauri, daga wani injin masu aikin hanya. A lokacin da yatsa ake auna bakin bindiga. Na sa manunina a siririn, da ƙyar ya shiga. Na sa babban yatsana a ƙaton, sai ga shi yana yawo a ciki. Nan take zuciyata ta tafi ga ƙaton.

Ya ce, "Ɗan abokina, me za ka harba?"

Na ce, "Barewa, Baba."

Ya ce, "Barewa ba ta yarda a matso ta. Dogon nan shi zai tura maka harsashi a dunƙule har inda take, kuma albarushi kaɗan yake ci. Wancan na korar birai daga gona ne. Ciki gare shi da murya, ba ya da ido."

Muryar kuwa ita nake nema. Samarin garinmu sun daɗe suna tsokanata, wai ɗan maharbin da ko zabuwar gidansu bai taɓa razanawa ba. So nake in na danna kunamar bindiga a ji har Kazaure, a ce wane ne, a ce ni ne. Sai na hau kawo wa dattijon hujja, ni da ban taɓa harba komai ba: ai babban baki ya fi ɗaukar harsashi, harsashi da yawa kuwa ko ɗaya ya samu. Ya dube ni, ya dubi ƙaton ƙarfen, ya ɗan murmusa. Ya ce, "To, kai aka aiko. Ka dawo ran kasuwa."

Al'adar maƙera ce ba a ba mutum sabon bututu sai an gwada shi. A ɗaure bindigar a jikin kututture, a ɗura mata ninkin abin da ta saba ci, a sa doguwar igiya a kunama, kowa ya ɓuya, a ja. In ta fashe, ta fashe a kan itace. Mutum biyu sun isa wannan aiki. Ni kuwa da na dawo ran kasuwar, sai da na zaga ta kaf ina gayyata, har masu sayar da ƙuli-ƙuli. Maƙerin ya karɓi ƙahona ya yi ta zubawa, ƙaton yana haɗiyewa, sai da rabin albarushin Baba ya shige. Ya ɗago ya dube ni ko zan ce wani abu. Ni a lokacin ina gyara wa jama'a wurin tsayuwa.

Na ja igiyar da hannuna. Wallahi sai da ƙasa ta motsa. Duwatsun Roni suka amsa suka sake amsawa, jakuna suka tsinke igiya, wata mai fura ta zauna a ƙasa da ƙwaryarta a ka, ko ɗigo bai zube ba. Da hayaƙi ya washe aka ga bututu lafiya lau, sai wuri ya kaure da sowa. Aka yi ta ba ni hannu kamar ni na ƙera. Na koma gida kunnena yana ƙugi, bakina har kunne, na sa wa bindigar suna Aradu tun kafin in kai ƙofar gari.

Kwana biyu bayan haka na shiga daji da sassafe. Hantsi bai yi ba na hango barewa uku a gefen wata fadama, suna kiwo hankali kwance. Na durƙusa gindin wata aduwa, na ɗura wa Aradu har da ƙari, don kada a ce na yi mata rowa. Na auna ta tsakiya, na danna. Abin da na sani kawai shi ne ina kwance rigingine cikin ƙarangiya, ƙafafuna a sama, 'ya'yan aduwa suna zubo mini a fuska. Na ɗago kai da ƙyar. Barewar nan uku suna tsaye suna kallona, ɗaya har da ciyawa a baki. Sai da suka gama kallo sannan suka yi tsalle suka tafi. Abin da na kashe ranar reshen aduwa ne.

Amaryata ta wuni tana cire mini ƙarangiya daga baya. Tana ta ƙoƙarin riƙe dariya saboda kunya. Can ta ce, "Maigida, in ɗora tukunyar ne, ko naman yana tafe a baya?" Ni ma sai dariya ta kama ni, kafaɗata tana zogi ina yi. Da na je gaida Baba kuwa, kalma biyu ya faɗa. Ya ce, "Na ji." Daga nan dariyar ta ɗauke. Na girgiza ƙahon, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, ko atishawa ba zai sa Aradu ta yi ba. Gabas ta fara haɗa gajimare da yamma, ga baffana ya zama kullum yana gidanmu wai duba idon yayansa yake, shi kuwa nasa idon yana kan turken da ake rataye bindiga. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga da gaske bindigar Baba za ta bar gidanmu, kuma ni na jawo.

Na koma Roni ta bayan gari, ba gayyatar kowa. Na tsuguna a bakin maƙera na kasa haɗa ido da dattijon. Bai tambaye ni komai ba. Ya miƙa hannu bayan zuga-zugi ya jawo siririn ƙarfen nan, an goge shi, an toshe gindinsa, an huda masa ƙofar wuta.

Ya ce, "Tun ran da ka tafi na gyara shi. Na gwada shi ma da nawa albarushin, don na san naka ba zai kai ba. Da na hana ka wancan, da har ka tsufa kana cewa na cuce ka."

A ranar ya cire ƙaton ya sa wa bindigar siririn. Ɗuri ɗaya tak ƙahon ya ba ni. Kwana uku ina bin sawu ban harba ba. Na koyi lura da inda iska ke kaɗawa, na koyi jan ciki har gwiwoyina suka saɓule, sau biyu na auna na fasa saboda nisan bai kwanta mini ba. Rana ta huɗu, iska tana ɗauke da ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri, wani namijin barewa ya tsaya ya ba ni gefe. Na yi bisimilla na danna. Ƙarar ba ta fi a karya kara ba. Ya yi taku biyu ya faɗi. Na ruga na yanka shi, sannan na zauna a ƙasa na yi ta dariya har da hawaye, ba mai kallona sai wani hankaka.

Na saɓo shi a wuya har gida, rabin hanya da gudu. Na ajiye gaban tabarmar Baba. Ya laluba ƙahonnin, ya bi wuya da hannu har ya sami inda harsashi ya shiga, wuri guda. Ya ce in miƙo bindigar, ya sa yatsa a bakinta. Sannan ya ce, "Wancan harbin duk ƙasar Gwiwa ta ji, muka ci tuwo da miyar kuka. Wannan ko ni da nake kasa kunne ban ji ba." Ya ɗora mini ita a hannu biyu, ya ce a kai wa baffa cinya ɗaya, maƙeri ɗaya. Ruwan farko ya sauka washegari da la'asar.

Abin da na koya ke nan, kuma ya bi ni har cikin noma da zaman iyali: in za ka zaɓi kayan aiki, ka tambayi aikin abin da yake so, kada ka tambayi 'yan kallo. Su ƙara suke so, kuma in ta tashi ba ɗayansu da zai zo ya taya ka cire ƙarangiya.