Mafi Saut

A jami'a, aikin kammala digirina a kan matan Amurka ne, da yadda suka daɗe suna fama kafin a bar su su jefa ƙuri'a. Ba ni na zaɓa ba. Malamina ne ya ba ni, ni kuma ban iya cewa a'a ba. Na karanta abin da na samu, na rubuta, aka ba ni sakamako mai kyau, ko da yake har yau ina zargin akwai babin da na yi wa gaggawa. Muhawarorin duk sun dushe mini. Abin da ya zauna hoto ne guda: mata a tsaye bakin ƙofar fadar shugaban ƙasarsu, riƙe da ƙyallaye masu rubutu, ba mai cewa uffan. An ce haka suke wuni, cikin sanyi da ruwan sama, har aka fara kama su.

Bayan aure na biyo maigidana Riyad, inda yake aikin injiniya. A unguwar Malaz muke, a wani tsohon bene da tagarsa ke kallon titi. Tsakanin azahar da la'asar garin kan mutu murus. Shaguna a rufe, motoci kwance a inuwa, kwalta tana rawa saboda zafi kamar an zuba mata ruwa. A wannan lokacin nakan zauna bakin taga, na'urar sanyi tana gunaguni, sai in ga matan hoton nan sun ɓullo daga kwanar mai shawarma cikin fararen riguna masu jan ƙasa. Ba barci nake ba, ban kuma ce idona biyu sosai ba. Sukan wuce a hankali, ba sa gumi, su ɓace wajen masallaci.

Larabci kuwa a talabijin nake tsintar sa. Wata rana aka yi shiri a kan lokacin da matan ƙasar nan suka fara zaɓen majalisun gari, na ji ana ta maimaita kalmar saut. Na duba, na sake dubawa don kada in yi kuskure. Abin da muke ce wa ƙuri'a, su a wurinsu na canki-canki ne, irin takardun da ake naɗewa a zuba a kwano. Ta zaɓe kuwa saut suke ce mata, wato murya. Na yi kwanaki ina juya kalmar a bakina kamar alewa.

Sau ɗaya a wata, ranar Juma'a bayan la'asar, Hausawan da muka san juna mukan haɗu a wata istiraha a bayan gari, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya. Maza a ɓangarensu, mu a namu, katanga a tsakani da ƙofa mai labule. A saman bangonmu akwai lasifika, ta nan muke jin jawaban maza. Lasifikar hanya ɗaya take bi.

A can na san Inna. Mutuniyar Damagaram ce, tana aikin goge-goge a wani asibiti wajen Shumaisi. Mijinta ya rasu a nan, yana kwance a maƙabartar Ud, 'ya'yanta kuma duk suna can gida. Juma'a kaɗai take hutu. Takan zo da dambun zogale a babbar kula, ta zauna kusa da ƙofa, ta yi ta zuba kamar an buɗe famfo.

Ta taɓa ce mini, "Ɗiyata, wata guda cur ba abin da nake faɗi sai aiwa da tayyib, wato i da to. In ban zo nan na yi Hausa ba, bakina tsami yake."

Sai aka kawo shawarar a mayar da taron Asabar. Likitoci da injiniyoyi suna hutun Juma'a da Asabar, sun ce Juma'a ta iyali ce. Ban ce ba su da gaskiya ba. Amma direbobi da masu goge-goge Asabar suna bakin aiki, kuma in aka mayar, Inna ta daina zuwa ke nan. Aka ce a taro mai zuwa za a yi ƙuri'a, bisa tsarin da aka saba: kowane gida ƙuri'a ɗaya, maigida ya ɗaga hannu.

Inna ta dube ni ta ce, "Ke 'yar boko, ni da maigidana ke Ud, wa zai ɗaga mini?"

Na ce ina jin akwai yadda za a yi, wataƙila, sai dai ban san tsarinsu sosai ba, kuma ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Ta ce, "Wannan duk a'a ce, ko i?"

Watan nan ban samu sakewa ba. Na shirya jawabi a kaina, na rushe, na sake shiryawa. Ina wanke shinkafa ina kawo misalai daga Amurka, sai in tuna ba wanda ya tambaye ni Amurka. Ko maigidana ban yi wa maganar ba. Matan taga suka ci gaba da wucewa, sai na ga kamar yanzu suna ɗago kai suna duban benenmu.

Ranar taron an yi zafi har bayan la'asar. Na zauna kusa da labule, gefen Inna, ƙamshin turaren wuta da na shayi sun cika ɗakin. Yara suna guje-guje suna faɗa da Larabci. Na jingina da bango, hayaniyar ta yi nisa, na ga fararen riguna sun jeru a jikin katanga, tsakanin bishiyoyin dabino. A nan ne mai gadin istirahar, wani dattijo Basudane, ya tsaya bayan labule ya ɗaga murya.

"Ya harim, fi saut?"

Lasifika yake gwadawa. Yana tambaya ne ko sauti na zuwa ɓangaren mata. Kowa ya gane haka ban da ni. Ni a kunnena, ga mutum ya zo har ƙofa yana tambaya ko mata suna da ƙuri'a, kuma tun ina ƙarama ba na iya barin tambaya ba amsa. Na ce, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, "Mafi saut."

Babu, ke nan.

Dattijon ya tafi. Can sai muka ji shi a lasifika, tar kamar a cikin ɗakin yake, yana gaya wa maza cewa mata sun ce mafi saut. Mata suka kwashe da dariya. Wata nas 'yar Kano ta ce, "Amarya, kunnen ne ya toshe ko yunwa ce?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta matso ta ce, "Me ya sa kika ce babu?"

Na raɗa mata cewa kuskure na yi, saut ɗin yana nufin ƙuri'a ma, a iya sanina dai, sai na ɗauka ita yake tambaya.

"Murya da ƙuri'a duk abu guda?"

"A Larabci, i. Ina jin."

Shugaban taron, wanda kowa ke kira Likita, ya karɓi makirufo. "Hajiyoyi, an ce babu saut. Kuna jina yanzu?"

Inna ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara mayafi, ta kama bakin labule ba tare da ta ɗaga ba.

"Muna jinka, Likita, Allah ya ƙara lafiya. Tun da aka kafa taron nan muke jinku. Ɗayan saut ɗin ne babu, na ɗaga hannu. Ka fi ni Larabci."

Maza sun manta ba su kashe makirufo ba, don haka duk abin da suka faɗa ya sauko mana daga bango. Wani ya ce tsari tsari ne. Wani ya ce in aka fara haka, gobe matan aure ma za su ce nasu daban, wani kuma ya ce to kai da ka san abin da taka za ta ce ai dole ka ji tsoro, aka yi dariya. Sai wata murya mai Hausar Maraɗi, ina jin direban da ke kawo mana ruwa ne, ta ce, "Ku dakata. Gida kuka ce. Gidan Inna ba gida ba ne? Dambun da kuke ci daga ina yake fitowa?"

Sun jima suna ja. A ƙarshe Likita ya ce duk gidan da babu namiji a ƙasar nan, matar gidan ta faɗi nata. Aka turo makirufo ta ƙarƙashin labule, yana jan wayarsa a kan kafet.

Inna ta riƙe shi da hannu biyu, nesa da baki, kamar kofin shayi mai zafi. Ta yi sallama, ta gaida Likita, ta gaida malamai, ta tambayi lafiyar iyalin kowa, har aka fara gyaran murya a can. Sannan ta ce, "Juma'a." Ta miƙa wa ta gefenta. Ashe suna da yawa, masu aikin gidaje da nas-nas da mazansu ke can gida. Nas ɗin nan 'yar Kano ta ce Asabar, ba ta ko kalli kowa ba. Makirufon ya wuce ta gabana, na janye hannuna, don ni ina da mai ɗaga mini. Juma'a ta ci, da ƙyar.

A mota maigidana ya ce, "Ashe ke ce mai mafi saut."

Na ce kuskure ne.

"Kin tabbata?"

Ban tabbata ba. Ya ce shi Asabar ya ɗaga wa hannu. Bayan mun wuce danja biyu ya tambaye ni da ni ce me zan ce. Na ce Juma'a, ina jin. Ya ce, "To ai da kin faɗa." Na ce ai da ka tambaya, amma a hankali na faɗa, kuma rediyo na kunne.

Akwai abin da ban gaya wa Inna ba. A karatuna na ga wata jiha a gabashin Amurka da tun farko ta bar zawarawa da matan da ba su da aure masu abin hannu su yi zaɓe, daga baya kuma aka zauna aka janye. Shi ya sa duk lokacin da aka ce akwai abin da za a yi wa ƙuri'a, nakan zuba wa ƙasan labule ido. Zuwa yanzu dai makirufon yana shigowa. Inna tana nan kusa da ƙofa da kularta, duk Juma'ar taro, kuma in mai gadi ya zo gwada lasifika takan zungure ni ta ce, "Ɗiyata, farka, ga mutuminki."