Kujerar Baya

A wani garaji na Tasawa, wani dattijo yana zagaya tsohuwar motar da aka ware za a yayyanka. Rigarsa ta koɗe, takalmansa na taya ne.

"Baba, wannan ta gama aiki," in ji makanike. "Ko ta tashi, kullum sai gyara."

Ko kallon inji bai yi ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya kakkaɓe kujera da hularsa, ya tuɓe takalma, ya shiga ya kwanta, gwiwoyi a lanƙwashe. Da alama yana da mara lafiya a ƙauye, wadda kabu-kabu ya gama jijjigawa a hanyar gidan likita.

Ya daɗe kwance kafin ya tashi.

"Mai ɗakina ba ta kai ni tsawo ba," ya ce. "Ita za ta miƙe ƙafa. Ku gyara mini motar."