Ranar da Buraima Ya Yaye wa Tumatir Leda

Buraima mutumin wani ƙauye ne a yankin Maraɗi, kuma da fartanya a hannu ya buɗi ido. Amma da ya sauka Riyad, dakon kwali aka ba shi a wani sito cikin Birnin Masana'antu na Biyu, har bayansa ya fara kuka kamar tsohon ƙyaure. Ya tsani aikin nan, tsana ba ta wasa ba. Sai da ya yi ta roƙo kafin kafilinsa, wato Balaraben da ya kawo shi, ya mayar da shi 'yar gonarsa da ke wani ƙauye kudu da unguwar Shifa ta Riyad, a fili fetal, ba tudu ba kwari. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: tumatir ya yi kyau ya zauna, ya lalace ya koma kwali.

To, gona ta samu, amma yanayin garin ya ƙi ba shi kai. A gida kowane lokaci ya san sahunsa: sanyi ya wuce, zafi ya shigo, hadari ya haɗu, a yi shuka. Nan kuwa, a watan Maris, sai mutum ya fito da rigar sanyi da safe, kafin azahar yana zufa sharkaf, da la'asar iska ta yi gaba da hularsa.

"Malam Almustafa, don Allah wane lokaci muke ciki yanzu?" Haka ya tambayi direban gonar, wani ɗan Damagaram da ya daɗe a ƙasar.

"Duka," in ji Almustafa. "Kai dai kar ka taɓa ledar nan."

Tumatirin yana ƙarƙashin dogayen rumfunan leda ne, ana shayar da shi ta siraran tiyo, ɗigo-ɗigo kamar maganin ido. Wallahi tausayi yake ba Buraima.

Ran nan Almustafa ya shiga gari, sai hadari ya taso, aka yi tsawa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancin Buraima, har ƙwalla ta zo masa. Ya duba, ga ruwan Allah yana zuba a kan leda yana gangarewa a banza. Haba! A garinsu wanda ya rufe shuka ranar ruwan fari ai sai a nema masa magani. Kuma ko yaro ya san in ruwa ya sauka, sanyi ya yi sallama ke nan. Ya bi layi-layi ya yaye ledar kaf, ya naɗe ta tsaf, yana 'yar waƙarsa.

Ruwa ya ɗauke, rana ta fito, ganye ya yi shar. Buraima ya yi azahar da farin ciki. Bai kai ga la'asar ba wata iska mai ratsa ƙashi ta taso daga arewa, gari ya yi duhu, sai ga ƙanƙara ƙwal-ƙwal-ƙwal. Ya ruga ya warware leda, iska ta fizge. Ya kama nan, can ya tashi. Ya tuɓe rigarsa ya rufe gindin tumatir biyu, ya tsaya yana juyi a tsakiyar gona, yana ta innalillahi, ya rasa ma wanda zai ba laifi. Kafin a jima rana ta sake leƙowa, kamar ba da ita aka yi ba.

Washegari kafilin ya zo. Bai yi faɗa ba, gara ma da ya yi. Ya bi karyayyun layukan da ido, ya ce, "Lesh, ya Ibrahim?" Wato me ya sa; shi da Ibrahim yake kiran Buraima.

"Ruwa ne fa aka yi," in ji Buraima, yana kallon Almustafa. "Gaya masa ruwa ne."

Almustafa ya gaya masa. Balaraben ya ƙara wata magana a hankali, ya nufi motarsa.

"Me ya ce?"

Almustafa ya sosa ƙeya. "Ya ce ka haɗa kayanka. Kuma wai in tambaye ka, tsakani da Allah, ka taɓa noma a garinku?"

Buraima ya dubi tafin hannunsa, kanta ta ko'ina. Ya shiga ɗaki ya ɗauko jakarsa.